Tayar Gaban Alhaji Moshood

Arzikin man fetur ya sauya rayuwar talakan Kano baki ɗaya. Da a ƙasa yake yin tuntuɓe, yanzu daga kan babur yake faɗowa.

A farkon 1975, da aka zuba wa ma'aikata ƙarin albashi, duk masinjan da ke Fagge ya sayi babur. Malam Abdulmuminu, akawu a wata ma'aikatar gwamnati, shi ma ya saya. Sai dai shi ya yi tunani, abin da ba a cika yi ba a shekarar. Ya lura kowane babur ƙafa biyu gare shi, titin kuma cike yake da ƙusoshin masu gini. Ya je Sabon Gari wurin Ikechukwu mai kayan babur, ya haɗo famfo da sifana da ƙarafan ɓamɓare taya.

Tsarinsa ɗaya ne. In ya taso daga ofis, mai babur ya kwance ƙafar da kansa a ƙofar gida, Malam ya ɗauka ya shige ciki, ya sakaya ƙofar zaure. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati sana'ar gefe, saboda haka ba wanda ya nemi leƙawa. Bayan rabin awa ya fito da ita tsaf, farar rigarsa ko ɗigo babu. Mutane suka ce wannan shi ne amfanin boko.

Aikinsa bai taɓa dawowa ba. Har daga Kasuwar Singa ake turo masa.

Sai tsakiyar shekara al'amura suka juya. Sojoji suka shiga korar ma'aikata, kullum rediyo na jero sunaye, kowane da "nan take" a wutsiyarsa. Matarsa Asama'u ta tafi gida Zariya haihuwar fari. Tuwo ya ƙare, ya koma cin shinkafa a rumfa. Ya sanar da unguwa cewa bayansa ya riƙe, ya dakatar da aiki.

Kowa ya yi masa sannu, ban da Alhaji Moshood, dillalin kayan gwangwani a Singa.

"Malam, baya ne ke ciwo, ba hannu ba," in ji Alhajin, ya dire masa ƙafar gaba da sabuwar taya. "Ni ban yarda da na bakin titi ba. Ko an fara zaɓen mutane ne?"

Malam ya kalli tayar, ya kalli mutanen da ke zaune a dakali suna sauraro. Ya ɗauka ya shige. Ranar sai da ya yi awa biyu, ya fito da gumi har cikin hula.

Washegari da hantsi, a daidai kwanar shiga Singa, tayar ta yi ƙara ta zube. Alhaji Moshood ya rabu da babur ɗinsa ba sallama, ya sauka a kan tiren wata mai ƙwai. Ya tashi da karyayyen hannu da haƙori ɗaya a aljihu. Babur ɗin ya ci gaba shi kaɗai har ya sami katanga.

Maganar ta je zauren mai unguwa. Alhajin, hannu a rataye, ya ce shi ba doguwar magana yake so ba, caji ofis zai tafi. Malam ya san hanyar: daga ɗan sanda sai takarda, daga takarda sai teburin shugabansa, daga nan sai rediyo. Aikin shekara goma sha ɗaya da fansho, a kan roba.

Malam ya ce ƙusa ce. Alhajin ya ɗaga robar ciki, ya nuna wata 'yar tsaga a gefe, ya ce ƙusar Kano ba ta cizo ta nan. Aka kira Ikechukwu, ya rantse kayansa daga jirgi suka sauko. Modu mai shayi ya ce tun farkon shekara Malam ke yi masa aiki, ko iska bai taɓa ƙarawa ba. Mutum bakwai suka faɗi haka. Malam ya zauna yana sauraron yabo kamar mai jiran allura.

Mai unguwa, wanda azahar ta fara matsa wa, ya kawo mafita.

"A kawo ƙafa da taya. Malam ya ɗaura a nan, gaban kowa. In hannunsa mai tsabta ne, mu bar wa ƙaddara. Alhaji, ka yarda?"

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Aka shimfiɗa buhu, aka jera ƙarafa. Modu har ya fara murmushin nasara. Malam ya durƙusa, ya ɗauki ƙarfe ɗaya, ya juya shi, ya mayar inda yake.

"Na ɗauki laifin," ya ce.

Modu ya ce, "Haba Malam, minti nawa ne?" Malam bai ɗago ba. Ya miƙa wa Alhajin makullin nasa babur ɗin, ya ɗauki nauyin mai ɗori da mai ƙwai, da sharaɗin magana ta mutu a zauren. Liman ya yabi haƙurinsa a gaban jama'a. Malam ya koma tafiya ofis a ƙasa, kayan aiki na tsatsa a bayan ƙofa, yana amsa gaisuwar masu cewa irinsa sun yi ƙaranci.

Ranar da Asama'u ta dawo daga wankan jego, ta tarar da robar a rataye a ƙusa. Ta gyara goyo, ta ɗaga ta sama, ta laluba tsagar da ɗan yatsa. Ubanta shekara talatin yana faci a Tudun Wadar Zariya, kuma bai haifi namiji ba.

"Malam, sau nawa na ce a ɗan hura mata iska kafin a sa ƙarfe? Wane ne ya yi wannan?"

Ita ce taya ta farko da Malam Abdulmuminu ya taɓa ɗaurawa.