Madubin Ido Ɗaya Yake Ɗauka

Bayan magariba Auta ta hau saman shagon mai gyaran tabarau, ɗauke da saƙon yayanta: ya daina zuwa gidansu, ba za a ba ɗan kallon sama aurenta ba.

Ta tarar da shi duƙe kan madubin hangen nesan da ya haɗa da bututun ruwa. Tun bara yake jiran wannan yammaci, da wata zai rufe duniyar can mai zobe da ke sararin sama.

"Yanzu za ta shige," ya ce. Sai ya ja da baya. "Zo ki sa ido."

"Kai fa?"

"Ido ɗaya yake ɗauka."

Ta duƙa. Ga ta 'yar mitsitsiya, zobenta tsaf, gefen wata na haɗiye ta a hankali har ta ɓace. Da Auta ta ɗago, ba sama yake kallo ba, murnar fuskarta yake kallo.

"Yaya ne ya aiko ni," ta ce.

Ya sunkuyar da kai.

Ta matsa masa gefe. "Idan ta fito ta wancan gefen, kai za ka gani. Yaya kuwa, ka bar ni da shi."