Dattijon da Ya Ceci Ashraf

Sanda ta uku ce ta fasa wa Ashraf kai. Shi kuwa wani ɗan takarar shugaban ƙasa ne ya turo shi kasuwar Sabon Birni, ya jiyo ra'ayin jama'a kafin zaɓen fid da gwani.

'Yan kasuwa suna dukansa suna ihu: "Infoma ne! Ɓarayin daji sunka aiko shi!"

Wani dattijo ya faɗa kansa ya kare shi. "Ku ji tsoron Allah! Tashi ɗana, za ni kai ka asibitin garin Isa."

Ashraf ya ƙanƙame shi bisa babur ɗin dattijon, yana ta godiya, har ya gaya masa wanda ya turo shi. Can sai babur ya saki titi, ya nausa daji.

Dattijon ya ciro waya. "Ga ni tahe da shi. Maigidanshi daloli yake rabawa, za shi biya."