Ƙwayoyin da ke Aljihun Injiniya

Tsoro ya fara kama ta ne lokacin da Injiniya, saurayinta, ya kasa zama a bencin ƙofar gidansu. Ya zauna, ya miƙe, ya sake zama, ƙafarsa sai rawa take. Ita ce ta lallashe shi ya ga likita bayan sun gama jami'a, da damuwa ta hana shi fita daga ɗaki.

"Tun da na fara shan maganin nan abin ƙaruwa yake," ya ce, idonsa a ƙasa. "Barci ya gagare ni. Ummata ta ce ke kika jawo, a dakatar da maganar aure. Ni ma na ga gara ki samu mai lafiya."

Ta dubi maɓallan rigarsa da ya saka a karkace.

"Mai lafiyar a wane shago ake sayar da shi? Ka gaya wa likita?"

"Kunya nake ji. Ya ce in dawo idan ya tsananta. Zubar da ƙwayoyin kawai zan yi."

Ta riƙe bakin aljihunsa, inda ƙwayoyin suke. "Ba za ka daina sha da kanka ba. Ni kuma ba inda za ni."

Ta kira asibitin. Nas ta ce likita yana duba wani, zai kira su, kada a bar Injiniya shi kaɗai.

Ta ajiye wayar a kan bencin. Injiniya ya tsaya kusa da ita, bai tafi ba. Har rana ta sauka daga katanga, likita bai kira ba tukuna.