Shuɗin Da Ba Nawa Ba

Tun da aka kafa dokar takardar gwaji, ba mai sayar da nama a garin nan sai ya ɗiga ruwan naman a kan 'yar farar takarda a gaban mai saye. In ta yi shuɗi, gishirin hana ruɓewa ya yi yawa ke nan, sai a rufe rumfar.

Ni marini ne. Da hantsi na je wajen Tanimu, abokina tun ƙuruciya, in sayo wa 'yata Ladiyo kilishi, don cikin da take ɗauke da shi ya sa ta kwaɗayinsa. Ya jiƙa ɗan yanki, ya ɗiga, ya miƙo mini takardar. Kafin in ƙifta ido ta rine.

Ma'aikaciyar duba abinci tana rumfar kusa. Ta juyo.

Tanimu ya yi dariyar yaƙe. "Haba Malam Gambo, da wannan hannun naka? Hajiya, dubi yatsunsa, ko tuwo ya taɓa sai ya yi shuɗi."

Ta dubi hannuna, ta dube ni. "Malam, kai ka ɓata ta?"

Na ce, "Ni ne."

Tanimu ya cika mini gyara, bai yarda mun haɗa ido ba. Ina juyawa na ji wata mata tana cewa a ba ta na yara.

Sau biyu na wuce ƙofar gidan Ladiyo da ƙunshin a hannu, na kasa shiga.

Shekara talatin ina rini, na san shuɗina. A gefe na riƙe takardar. Wannan daga tsakiya ya taso.