Mai Ɗaukar Ciwo

Yanzu duk wanda aka yi wa aikin ƙashin baya, wani nasa ne ke ɗaukar masa ciwon, ta awarwaron da asibiti ke ɗaura musu.

Kwana uku ke nan Lantana na ɗauke da na mijinta. A duƙe ta fito ƙofar asibiti sayo masa kunun gyaɗa.

"Sannu, Inna. Yaya mai jikin?" in ji mai kunu.

"Alhamdulillahi. Muddin ina jin zafin nan, yana raye."

Tana karɓar kofin, sai bayanta ya saki gaba ɗaya. Ta miƙe sambal.

"Barka, Inna, kin samu sauƙi!"

Lantana ta ajiye kunun. Ta yi ta danna bayanta da yatsa, tana neman ko da ɗan saura.