Igiyar Ragon Suna

Har yau ba na son warin jiƙaƙƙiyar igiya.

Gwaggona ce ta haihu a ƙetaren kogi, wajen Benin. Muka taso daga Gaya za mu suna, ni da Baba da ragon da ya kiwata don ranar. Da muka shiga kwalekwale bayan azahar, Baba ya naɗa mini igiyar ragon a wuyan hannu ya ƙulle, yadda yake yi in za mu kasuwa. Mu manoma ne, ba mu san ruwa ba.

"Ko me za a yi, kada ka sake shi," in ji shi.

A tsakiyar kogi dorina ta ɗago kai ta yi huci. Rago ya zabura ya faɗa ruwa, ya fizge ni har fuskata ta nutse. Baba ya cafke ƙafata.

Mai jirgi ya daka tsawa: "Malam, wa ke ɗaure dabba a jikin yaro bisa ruwa? Yanke!"

Ni kuwa na damƙe igiyar da hannu biyu, ina ta ihu: "Baba, ban sake shi ba!"

Ya zaro wuƙar da ya wasa don yankan suna, ya datse igiyar. Ruwa ya tafi da rago.

Har muka kai gaɓa yana ta fama da ƙullin da ya saura a hannuna, ya kasa kwance shi.

Ga shi na fara furfura ina aiken ƴaƴana. Ban taɓa ce wa ɗayansu "ko me za a yi" ba.