Kofin Abdallah

Huseina ba ta rufe butar shayi. Kowace Talata bayan la'asar, a gaban kowa take hura gawayi, a gaban kowa take zuba ganye. Citta kuwa guda-guda take jefawa, don ko ɗan ƙaramin turmi babu a gidanta. Idan ya tafasa ita ke fara kurɓa kafin kowa. Matan unguwa har tsokanarta suke yi, wai ko tsoron sammu take. Sai dai ta yi murmushi ta ci gaba da fifita wuta.

Shekara biyu ke nan ana wannan zama a rumfar gidanta, can bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, a ƙasar Sudan. Tabarma biyu ake shimfiɗawa: ɗaya ta matan da ƙwaya ta kashe wa 'ya'ya, ɗaya ta mazan da ke faman rabuwa da ita. Ƙa'idar guda ce tak. Kowace uwa da nata mutumin, ita ke miƙa masa kofi da hannunta, ta tambaye shi yadda makon ya wuce. Wanda aka hana kofi an sallame shi ke nan, ba sai an faɗa ba.

Mutum biyu aka taɓa hanawa. Ɗaya yana yawo a tasha yanzu ba riga. Ɗayan kuma tuni aka yi sadakar arba'in ɗinsa.

Abdallah mutumin Hajar ne. Wata bakwai bai taɓa ƙwaya ba, ya koma ɗaukar buhu a kasuwa, har matarsa ta dawo ɗakinta. Aminin Uzairu ne, ɗan Hajar tilo, wanda aka tsinci gawarsa shekara uku da suka wuce a ƙarƙashin wata babbar mota, da rana tsaka, bakinsa duk kumfa.

Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cin Hajar: wa ya fara ba shi ƙwaya? Yaro ya tafi yankan riɗi Ƙala'at an-Nahal lafiya lau, bayan kwana ashirin ya dawo ba barci, ba cin abinci, yana neman abin da shi kansa bai san sunansa ba. Duk Talata sai ta yi wannan tambaya, duk Talata kuma sai Huseina ta ci gaba da fifita wuta.

Ai ta san kakar nan sarai, ita ta yi wa masu yankan riɗin girki a gonar. Riɗi ba ya jira, in ya nuna aka yi sakaci kwana kaɗan sai ya fashe ya zube ƙasa. Wakilin gona na ta ihu, maza na sunkuye da lauje tun asuba har magariba. Daga nan ma amincinta da Hajar ya samo asali. "Ke kika ciyar mini da ɗa," in ji Hajar. "Kullum cewa yake babu shayi irin na Halti Huseina, kofi ɗaya sai mutum ya yanke eka."

Har yau, idan buta ta fara kuka, Huseina kan ji muryar Uzairu a bayanta, yana kiranta inna da Larabcin garin: ƙaro mini, Halti. Ba ta waiwayawa. Wallahi ta san idan ta waiwaya za ta gan shi, da ƙurar riɗi a girarsa.

Yau dai Hajar ta zo fuska a ɗaure. Wata mata ce ta tsegunta mata a wajen biki cewa an sha ganin Abdallah da Uzairu suna raba ƙwaya a bayan tasha. To wa zai koya masa in ba abokinsa ba?

Huseina ta zuba shayi, ta kurɓa, kofuna suka zaga. Kowace uwa ta miƙa nata. Hajar ta ɗauki na Abdallah ta riƙe.

Shi kuwa ya riga ya miƙo hannu. Hannun ya tsaya nan a sama. Buta na ta kuka.

"Wata bakwai ina shayar da kai," in ji Hajar, "ashe da hannun nan ka kashe mini ɗa."

"Halti, mun sha tare, ban musa ba. Amma wallahi ban fara ba shi ba. Ni kaina ban san ranar da na fara ba."

"Ji ƙarya! Akwai wanda bai san ranar da ya fara ba?"

Huseina ta dubi Abdallah, ta ga idonsa ya koma kan ƙofa, ta kuma san inda ƙofar nan take kai mutum. Ta dubi Hajar, wadda shekara uku ke nan suna cin tuwo a kwano ɗaya. Tsoro ya kama ta har tafin ƙafa. Ɗaya daga cikin biyun nan yau sai ta rasa.

Hajar ta karkata kofin za ta zubar a ƙasa. Huseina ta yi wuf ta riƙe mata hannu, shayi mai zafi ya zubo mata a yatsu, ba ta saki ba.

"Ba shi kofinsa, Yaya. Gaskiya ya faɗa."

"Ke ta yaya kika sani?"

Buta na kuka. Muryar nan ta sake zuwa, dab da kunnenta. Wannan karon Huseina ta amsa.

"Kullum da asuba wakilin gona ke kawo mini ƙwayoyin, ya ce maganin gajiya ne," ta ce. "Ni nake daka su a turmina, in zuba wa su Uzairu a butar shayi, in rufe."